Mastas a kwamfuta ga mai aiki: na onlayin na Amurka ko na ƙarshen mako a gida?

Baban_Khalil:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, kuma ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen don ku gane inda matsalar take.

Ni dai lissafi na karanta a digirin farko, na fita da 2:2, na yi bautar ƙasa, yanzu shekarata bakwai ke nan a sashen kwamfuta na wani kamfani a Kaduna. Aikin kun san shi, yau saba (babbar kwamfutar da sauran ke dogara da ita) ta tsaya, gobe firintar oga ta ƙi, jibi a ce in rubuta ɗan kod da zai zaro rahoto daga databes kafin azahar. Python da SQL da kaina na koye su a YouTube. Ina da mata da yara biyu, in fita bakwai da rabi sai bayan magariba a gan ni.

To sau biyu ke nan ana buɗe gurbi a samana sai a kawo wani daga waje mai mastas, ni kuma a ce in nuna masa yadda abubuwa suke tafiya. Ba hassada ba ce wlh, amma abin ya fara ci mini rai. Sannan ni kaina na san ilimin nawa yana da rufi, in aka shiga maganar algoridim ko yadda ake tsara babban sistem sai in ji ina ta gyaɗa kai ne kawai.

Wani abokina ya ce in nemi na Georgia Tech da ake yi ta intanet, wai da araha. Yayana kuma ya ce in bar wahalar da kai da dala, in je in yi na ƙarshen mako a nan gida, takarda dai takarda ce. Barin aiki kam ba ya cikin lissafi. Wanda ya taɓa yin ɗaya daga ciki ya faɗa mini gaskiya tsakani da Allah, nawa ne, awa nawa yake ci, kuma ya amfane shi ko kuwa?

Abu_Sumayya:

Wa alaikumus salam Baban Khalil. Ni na yi na Georgia Tech ɗin, OMSCS suke ce masa, wato mastas ɗinsu na kwamfuta ta intanet, na fara Janairun 2021 na gama Disambar 2024, shekara huɗu cur, saboda na maimaita kos ɗaya kuma na huta samista ɗaya lokacin da aka yi mana haihuwa. Bari in zazzage maka abin da na sani.

Makarantar a Atlanta take, jihar Jojiya, kuma sun fara wannan shirin ne a 2014 tare da Udacity da AT&T, wato ba jiya aka fara ba balle ka ce gwaji ake da kai. Kos goma ake yi, kiredit 30. Takardar da za su ba ka iri ɗaya ce da ta wanda ya zauna a aji a can, babu inda aka rubuta onlayin a jikinta. Ba sa neman GRE, jarabawar nan ta neman shiga karatun gaba da digiri a Amurka. Suna son wanda ya karanta kwamfuta ko abin da ya yi kusa da ita, kuma lissafi yana ciki, sai wasiƙun shaida guda uku da tiransikirif. Maki 3.0 a ma'aunin 4 suka fi so, to kai mai 2:2 sai ka ƙara da wani abu da zai nuna ka iya, makarantar tana da kwasa-kwasanta a edX, wani shafin karatu ta intanet, na Python da Java da kuma na tsarin data da algoridim, mutane da yawa da su suke cike giɓin.

Kuɗi. A lokacina in kos ɗaya ka ɗauka a samista abin yana kamawa tsakanin dala 650 zuwa 850, duka shirin dai wajen dala dubu bakwai, an ɗan ƙara daga baya. A Amurka wannan kyauta ne kusan, na Jami'ar Texas da ke Austin dala dubu goma ne, na Illinois a shafin karatu na Coursera ya haura dubu ashirin. Amma mu naira muke karɓa. Ni da na fara dala ba ta kai naira 500 ba, bayan an saki naira a Yunin 2023 kafin in farga farkon 2024 ta wuce 1,500, ka ga kos ɗin da nake biya da albashin wata guda ya koma sai na haɗa da bashin adashi. Ga kuma lokacin da bankuna suka rage katin naira zuwa dala 20 a wata daga baya ma suka rufe, dole na buɗe asusun dala ina sayen ta kaɗan kaɗan ina tarawa. Abin da ya cece ni shi ne samista samista ake biya, ba a ce ka kawo duka a dunƙule ba, kuma an ba ka har shekara shida ka gama, in abu ya matse sai ka ɗan dakata.

Amma ka ji ni da kyau, ba kuɗin ne ya fi ba ni wahala ba. Lokaci ne. Mutane suna jin onlayin sai su ɗauka bidiyo ne za ka kalla a waya kana shan shayi. Ina! Kos mai nauyi yana cin awa 15 zuwa 20 a sati, wani satin ma fiye. Na farko da na ɗauka shi ne Graduate Introduction to Operating Systems, na shiga da ƙarfin gwiwata wai ni na iya Python, ashe da yaren kod na C ake yi, firojet na farko saba ce za ka rubuta mai aika fayil ta soket sannan ka mai da ita mai zare da yawa suna aiki lokaci guda, kwana huɗu na yi ina neman inda memori ke zuba, ranar da na gano ashe baiti ɗaya ne na ƙirga ba daidai ba sai da na tashi na zaga gida. Kuma na'ura ce take gwada kod ɗin, ba ruwanta da cewa ka yi ƙoƙari. Sannan akwai sharaɗin cewa a shekararka ta farko sai ka ci biyu daga kwasa-kwasan tushe da B ko sama, in ba haka ba zamanka a shirin ya shiga matsala, shi ya sa shiga ta fi fita sauƙi.

Wanda na maimaita shi ne Graduate Algorithms, kowa tsoronsa yake. Yawancin makin a jarabawa yake, kuma ba kod ake so ba, a ba ka matsala ka bayyana algoridim ɗin da kalmomi, ka nuna dalilin da ya sa yake daidai da kuma saurinsa, har zuwa su NP, wato rukunin matsalolin da suka haɗa da masu wuyar warwarewa. Ni injiniyan lantarki ne sai da na sha wuya. Kai da ka karanta lissafi ina ga nan ce gonarka, C ce za ta yi maka gardama ba wannan ba.

Wani abin dariya, a wasu kwasa-kwasan ƙarfe 11:59 na dare agogon Atlanta ake rufe karɓar asayimen, mu a nan wajen biyar ne ko shida na asuba, ya danganta da lokacin shekara. Sau nawa ina danna tura ladan yana kiran assalatu, in yi alwala in tafi masallaci ido jajir, in dawo in yi wanka sai ofis.

Ya amfane ni? E. Ba wai takardar ce ta buɗe ƙofa kai tsaye ba, a intabiyu ne na ga bambanci, tambayoyin da da nake zufa a kansu yanzu ina amsawa har in ja zancen. Amma kada wani ya ruɗe ka cewa hanyar tafiya Amurka ce, ba a ba da bizar ɗalibi da shi, kana gidanku za ka fara kana gidanku za ka gama.

MalaminJamia:

Abu Sumayya ya yi bayani mai kyau Allah ya saka. Ni ta ɗaya ɓangaren zan zo, tunda koyarwa nake yi a sashen kwamfuta kuma masu irin tambayarka suna zuwa ofishina duk shekara.

Tambayar farko da nake musu ita ce takardar ina za ka kai ta? Don yayanka da ya ce takarda takarda ce, da girmamawa, ba haka ba ne. A jami'o'inmu mastas iri biyu ne. Akwai na ilimi, MSc, wanda bayan kwasa-kwasai sai ka yi bincike ka rubuta kundi ka kare shi gaban malamin waje. Akwai kuma na ƙwararru, wanda yawanci shi ne ake yi Juma'a da yamma da Asabar don ma'aikata, kwasa-kwasai da ɗan firojet. In kana da burin PhD ko koyarwa wata rana, na farkon ake nema, na biyun sau da yawa za a ce maka bai isa ba. To shi ma na Georgia Tech ɗin akasarin mutane kwasa-kwasai zalla suke yi babu kundi, saboda haka duk da sunan makarantar, in ka kawo shi neman PhD a nan za a iya tambayarka ina bincikenka. Wannan ba raini ba ne, kowanne da abin da aka gina shi don shi.

Na biyu, tunda lissafi ka karanta, wasu sassan za su ce sai ka fara yin PGD, wato difloma ta gaba da digiri, a kwamfuta kafin MSc, ka ƙara shekara guda ke nan a lissafinka. ABU da BUK duk suna da karatun gaba da digiri a kwamfuta, ga NOUN kuma, jami'ar karatu daga gida, da aka gina ta musamman don mai aiki, tana da cibiya a Kaduna, kuma ita ba ta tsayawa in an tafi yajin aiki. Ka ajiye takardar bautar ƙasarka kusa don ko'ina sai an tambaye ta.

Ba zan ɓoye maka aibinmu ba. A 2020 an yi wata tara ana yajin aiki, a 2022 wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda ya shiga da niyyar shekara biyu ya tsinci kansa a ta huɗu. Ni kaina lokacin da nake nawa a wata jami'a, babi na uku ya yi wata biyar a teburin sufabaiza, in na je sai ya ce in dawo wani satin. Kuma wasu kwasa-kwasan gaskiya handawut ɗin ya tsufa. Amma akwai abin da za ka samu a ajin Asabar da ba za ka samu a laftof ba, mutane. Ajin cike yake da ma'aikatan banki da na ma'aikatu da sojoji da 'yan kamfanonin waya, kuna cin abinci tare kuna haɗa kuɗin fotokwafi, bayan shekara biyu wani a cikinsu shi zai kira ka ya ce an buɗe gurbi a wajensu. A ƙasar nan kada ka raina wannan. Kuma da naira za ka biya, barcinka ba ya hannun 'yan canji.

Abu na ƙarshe, ko wanne za ka yi, ka samu amincewar wajen aikinka a rubuce kafin ka fara. Na ga wanda ya gama ya kawo takarda aka ce ba a san da karatun ba, ba za a lissafa masa a ƙarin girma ba. In kuma ta waje ce kuma kana tunanin aikin gwamnati nan gaba, akwai tantance takardun ƙasashen waje a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja, ka san da ita tun yanzu.

kodin_kawai:

Hhhh ku dai kuna son wahala. Malam miliyan nawa ke nan dala dubu bakwai a yau? Ka ɗauki rubu'in kuɗin ka sa sola da inbata mai kyau, ka sayi laftof na kirki, ka zauna ka gina abu uku masu aiki ka zuba a GitHub inda masu kod ke baje aikinsu, ka yi satifiket ɗin AWS ko na Cisco in netwok kake so. Ni ko PGD ban yi ba kuma aikin rimot nake yi, ba wanda ya taɓa tambayata mastas, abin da suke cewa kawai shi ne buɗe edita mu ga. Duk lakcocin nan fa akwai irinsu kyauta, MIT ta zuba nata a intanet tun tuni, CS50 na Harvard kyauta ne. Kuɗin takarda kawai za ka biya.

Abu_Sumayya:

@kodin_kawai maganarka akwai gaskiya a ciki, ilimin yana nan a warwatse kyauta, har lakcocin OMSCS ɗin ma da yawa a buɗe suke kowa zai iya kalla. Amma tsakaninka da Allah kos nawa ka fara kyauta ka kai ƙarshensa? Ni kafin in shiga na fara sun fi goma, ko ɗaya ban wuce sati na uku ba. Abin da na saya da kuɗina shi ne wa'adi da mai duba aiki da tsoron asara. Ba wanda zai zauna haka kawai don nishaɗi ya yi kwana huɗu yana farautar baiti ɗaya bayan ya dawo daga aiki a gajiye, sai in ya san dalarsa ce za ta tafi. Kuma shi Baban Khalil matsalarsa a wajen aikinsa takarda ake fifitawa, ka karanta abin da ya rubuta, GitHub ba zai shiga fayil ɗinsa na ofishin ma'aikata ba.

kodin_kawai:

To ai sai ya canza wajen aikin ba wai ya yi shekara huɗu ba barci don ya burge ofishin ma'aikata ba 😂 amma na yarda da maganar wa'adi, ni ma akwai kos ɗin da na saya tun bara ban buɗe ba.

Maman_Iman:

Sannunku. Na ga duk maza ne ke magana kuma ba wanda ya taɓo inda gizo ke saƙa, to bari in sa baki.

Baban Khalil ka yi maganar nan da Maman Khalil kuwa? Ba sanarwa nake nufi ba, shawara. Don awa 15 ɗin da Abu Sumayya yake faɗa ba daga sama za su faɗo ba, ofis ba za su rage maka ko minti ɗaya ba, daga gida za ka yanko su. Hirar dare, kai yara gidan kaka ran Asabar, ɗaurin aure, suna, gaisuwar rasuwa, zaman majalisa, duk a nan za a cire. Kuma ba wata ɗaya ba ne, shekaru ne. In ba ta shiga cikin shirin da zuciya ɗaya ba wlh samista biyu ba za ka yi ba gida zai ɗau zafi, kai kana ganin don su kake yi ita tana ganin ka auri laftof.

Ni ina cikin yi yanzu haka, yara uku, ina aiki a ɓangaren data na wata ƙungiya a Kano. Bayokemistiri na karanta saboda haka ban ma tunkari Georgia Tech ba, na Jami'ar Kolorado da ke Boulder nake yi a Coursera. Su tsarinsu daban ne, ba sa tambayar tiransikirif ko wasiƙar kowa, akwai jerin kwasa-kwasai uku da za ka ɗauka, in ka ci kowanne da B ko sama shi ke nan ka shiga. Kos ɗinsu ƙanana ne, kiredit ɗaya ɗaya, zangon sati takwas, sai ka tara 30. Ya fi tsada sosai, dala 525 ne kiredit ɗaya lokacin da na fara, ka lissafa ya haura dubu goma sha biyar, ni ma don wajen aikina suna ɗaukar wani kaso ne da ban isa ba. Amma abin da ya sa na kawo shi, za ka iya fara kos ɗin ba na kiredit ba da ɗan kuɗin rajistar Coursera, ka yi lakca da asayimen ɗin, in ka ga za ka iya sannan ka biya a mai da shi na kiredit ka yi jarabawar ƙarshe. Wato ka taɓa ruwan da ƙafa kafin ka faɗa.

Yadda nake yi, dare ba nawa ba ne, in na kwantar da yara ni ma na gama aiki. Bayan sallar asuba nake zama zuwa shida da rabi, kullum, sai Lahadi da maigidan yake kwashe su su tafi gidan Hajiya tun safe sai la'asar, Allah ya saka masa. Da azumi ba na ɗaukar komai, na gwada sau ɗaya na ga ba haka ake yi ba, ga girkin buɗa-baki ga tarawi ga asayimen, ranar nan ina gyaran kod miya ta kama. Kai ma ka duba kalanda kafin ka yi rajista, in azumi ko babbar sallah za su faɗo tsakiyar samista ka ɗauki mai sauƙi.

Sai maganar jarabawa, ana sa ido ta kyamara ne, ka nuna katin shaida ka nuna ɗakin, ba mai shigowa ba mai magana. Wata rana ina tsaka da yi autana ya zo yana dukan ƙofa yana Mama Mama, ga shi ba halin in amsa, haka na ƙarasa zuciyata na dukan uku uku. Tun daga nan in zan yi jarabawa gidan ƙanwata nake tafiya. Kuma kada ka yarda ka zauna jarabawa da wutar gwamnati kaɗai, ka cika laftof, ka tanadi layi biyu na kamfani daban daban, in ɗaya ya yanke ka koma ɗaya. Ni MiFi da waya nake ajiyewa gefe, inbata kuma na hana kowa kunna komai ranar.

Sadiq_Tudunwada:

Afuwan na shigo muku tsakiya, mai HND fa? HND na yi a kwamfuta ina aiki shekara biyar.

MalaminJamia:

@Sadiq_Tudunwada a gida hanyarka PGD ce sannan mastas, haka aka saba, kuma ka duba sakamakon da sashen yake nema a HND ɗin kafin ka sayi fom. Su Georgia Tech digirin farko na shekara huɗu ko makamancinsa suke rubutawa a sharaɗinsu, saboda haka ka tura musu tambaya da takardunka kafin ka kashe kuɗin nema. Na Kolorado da Maman Iman ta ambata shi ne ba ya duba abin da ka karanta a baya, in aljihu zai ɗauka.

Baban_Khalil:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Maman Iman kin kama ni, wlh ban yi maganar da ita ba, ni a kaina sai na gama yanke shawara in faɗa mata. Jiya da daddare na karanta mata abin da kika rubuta, ta yi dariya ta ce ai tun yanzu ma laftof ɗin kishiyarta ce. Amma ta ce in dai Asabar da yamma tata ce da yara ba za a taɓa ba, ta yarda.

Malam tambayarka ta ina zan kai takardar ta sa na yi tunani. Gaskiya koyarwa ba ta raina, PhD ma haka. Abu biyu nake so, in daina gyaɗa kai in ana magana, kuma in samu abin sa wa a fayil. Na je wajen mai kula da ma'aikata yau, ta ce suna karɓar kowanne in dai makarantar sananniya ce kuma na rubuto neman izini kafin in fara, kuɗi dai ba za su ba da ko sisi ba.

Ga abin da na tsara. Ba zan nemi ko'ina ba tukuna. Zan ɗauki kos ɗin tsarin data da algoridim na edX da Abu Sumayya ya faɗa, in gwada tsarin bayan asuba na wata biyu in ga ko jikina zai ɗauka, tunda ko ba komai zai taimaka wa 2:2 ɗina. In na kai ƙarshe sai in nemi Georgia Tech, kafin nan ina sayen dala kaɗan kaɗan duk wata. In na kasa to na san matsayina, sai in sayi fom ɗin PGD a nan ba tare da na ƙona dala ba. @kodin_kawai sola kam dole ce ko wanne na zaɓa, a nan mun haɗu.

Abu Sumayya tambaya ɗaya, wasiƙu ukun nan dole sai malaman jami'a? Don rabona da sashenmu shekara tara, ban jin akwai wanda zai tuna fuskata. Kuma Java ake yin kos ɗin ko Python?

Abu_Sumayya:

Java ne, in ba ka taɓa ta ba fara da nasu na Java ɗin, wanda ya iya Python sati biyu uku ya isa ya kama hanya. Wasiƙu kuma ba dole sai malamai ba, ni biyu daga ogannina ne na wajen aiki ɗaya daga malamin da ya duba firojet ɗina, abin da ake so wanda ya san aikinka na fasaha da idonsa, ba mai babban muƙami da zai rubuta yaron kirki ne mai ladabi ba. Ta imel za a tura musu su cike da kansu, ka tabbatar mutanen da ke buɗe imel ɗinsu ne.

Tiransikirif kuma ka fara nema gobe goben nan, kada ka jira sai ka gama kos ɗin. Nawa sai da na yi wata huɗu ina sintiri a tsohuwar makarantarmu, har sai da na samu wani ɗan ajinmu da ke aiki a can ya riƙa leƙa mini ofishin. In ka karɓa ka yi sikanin ka ajiye kwafi biyu.